Kisan gilla na siyasa a ƙasar da ke yaƙi: wa ke kashe wa, kuma me ke hana bincike?

Idan aka kashe babban ɗan siyasa a ƙasar da ke cikin yaƙi, wa ya kashe shi? Tun daga faɗuwar jirgin Yevgeny Prigozhin, shugaban sojojin hayar Wagner, a Rasha cikin watan Agusta 2023 har zuwa harbe tsohon shugaban majalisar dokokin Yukiren, Andriy Parubiy, a bakin titi a birnin Lviv a ƙarshen Agusta 2025, duk sanda irin wannan labari ya shigo wayoyinmu amsa biyu kawai nake ji a fadarmu da ke nan Tawa. Wasu su ce abokan gaba ne mana, in ba su ba wa? Wasu su ce ai maci amana ne, abin da ya shuka ya girba. Kafin a zuba shayi na biyu an gama shari'a.

Wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ke zama da mu bayan la'asar, ya taɓa katse mu. Ya ce: "Ƴaƴana, shekara nawa ke nan da aka harbe shugaban ƙasarku a filin jirgin Yamai, har yau ba wanda ya tsaya gaban alƙali, amma ga ku kun yanke hukuncin Mosko a kan tabarma?" Wani daga cikinmu ya ce, "Baba, ai wancan daban." Malam bai tanka ba. Ni dai maganar ta zauna mini, ita ce ma ta sa na ɗauki alƙalami, domin mu ma ƙasarmu Nijar yaƙi take yi a Tillaberi da Diffa da arewacin jiharmu, kuma waɗannan amsoshi biyu masu sauƙi suna iya cin ran mutum.

Kisan gilla daban, mutuwar fagen fama daban

Sojan da ya faɗi a bakin daga ba a ce an yi masa kisan gilla. Ya san inda ya je, wanda ya harbe shi ma ya san haka. Kisan gilla na siyasa shi ne a zaɓi mutum ɗaya da sunansa, saboda muƙaminsa ko ra'ayinsa ko abin da ya sani, a shammace shi a kashe ba tare da shari'a ba. Abin da ake so a kawar ba jikinsa ba ne kawai, har da maganar da yake yi da mutanen da ke saurarensa.

Kalmar gilla kanta daga Larabci ta zo mana, kuma malaman Malikiyya sun tsananta a kanta fiye da sauran kisa: wanda ya yaudari mutum ya kashe shi a ɓoye, ko dangin mamacin sun yafe, ba ya kuɓuta daga hukunci, don an ɗauki laifinsa a matsayin ɓarna ga jama'a duka. Dokokin yaƙi na zamani ma sun taɓa wannan. Yarjejeniyar Hague ta 1907 ta hana kashe abokin gaba ta hanyar ha'inci, yarjejeniyoyin Janeba na 1949 kuma sun hana zartar da kisa ba tare da hukuncin kotu ba, ko da a yaƙin basasa ne. Farar hula, ko minista ne ko ɗan jarida, ba halal ba ne a harbe shi muddin bai shiga faɗan da hannunsa ba.

Akwai inda masana shari'a ke jayayya. Janar Igor Kirillov da bam ya kashe a ƙofar gidansa a Mosko cikin Disamba 2024 soja ne mai muƙami a rundunar da ke yaƙi, shi ya sa hukumar leƙen asirin Yukiren ta ɗauke shi halastaccen abin hari, Rasha kuma ta kira abin ta'addanci. Wannan muhawara ce tsakanin ƙasa da ƙasa. Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya nau'in, wanda hannun da ya ɗana kunamar bindigar na gida ne.

Sau da yawa harsashin daga cikin gida yake fitowa

Mutane na ɗauka cewa yaƙi na haɗa kan ƴan ƙasa. Yana haɗawa, amma a waje. A ciki kuwa yakan buɗe tambayoyin da suka fi kowanne zafi: wa zai riƙe makamai, wa zai riƙe kuɗi, yaushe za a tsaya, kuma wa zai yi mulki bayan an gama.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai na maƙwabciyarmu Aljeriya ne. Abane Ramdane na cikin manyan masu tsara gwagwarmayar da FLN, ƙungiyar neman ƴancin Aljeriya, ta yi da Faransa. Shi ne ƙashin bayan taron Soummam na 1956, inda aka amince cewa ƴan siyasa ne za su ja ragama, sojoji su bi. Wannan ƙa'ida ba ta yi wa manyan kwamandoji daɗi ba. A ƙarshen Disamba 1957 aka yaudare shi zuwa Maroko, ƴan'uwansa na gwagwarmaya suka shaƙe shi. Bayan wata biyar jaridar ƙungiyar, El Moudjahid, ta buga cewa ya yi shahada a fagen fama. Ka ga an kashe shi, sannan an ɗora wa Faransa gawarsa, an kuma ci ribar sunansa. Ƙa'idar da ya mutu a kanta ta bi shi kabari, kuma duk wanda ya san tarihin Aljeriya bayan 1962 ya san wa ya riƙe ƙasar.

Ba shi kaɗai ba ne. Amílcar Cabral, jagoran yaƙin ƙwatar ƴancin Gine Bisau, a Konakiri aka harbe shi cikin Janairu 1973, kuma wanda ya harbe shi ɗan ƙungiyarsa ne, ko da yake ana zargin ƴan mulkin mallakar Fotugal da hura wutar, da ma da ɗan gari akan ci gari. Shugaba Laurent-Désiré Kabila na Kwango mai tsaron lafiyarsa ne ya bindige shi a fadarsa ranar 16 ga Janairu 2001, ana tsakiyar yaƙi. A Libiya, Janar Abdel Fattah Younes ya bar Gaddafi ya zama kwamandan ƴan tawaye, amma a Yuli 2011 nasa ɓangaren ne ya kira shi daga bakin daga don amsa tambayoyi, sai gawarsa aka gani.

Prigozhin kuwa, sojojin hayarsa na Wagner sun yi wa Rasha yaƙi a garin Bakhmut na Yukiren, sannan ya fito yana zagin ministan tsaro da babban hafsan soja a bainar jama'a, ya ce sun hana shi harsasai. A ranakun 23 da 24 ga Yuni 2023 ya kama birnin Rostov ya doshi Mosko, sannan ya janye. Wata biyu cif bayan haka jirginsa ya faɗo da mutum goma a ciki. Fadar Kremlin ta ce zargin da ake mata ƙarya ce tsagwaronta, daga baya Putin ya ce an ga ɓaraguzan gurneti a jikin mamatan. Ba a bari masu bincike na waje sun leƙa ba.

Mai saɓani ba maci amana ba ne

A nan ne ruɗanin ya fi yawa. Cin amanar ƙasa laifi ne mai iyaka: ka ba abokin gaba asirin soja, ka nuna masa hanya, ka karɓi kuɗinsa, ko ka ɗauki makami a gefensa. Ana tabbatar da shi da hujja a gaban alƙali. Saɓani kuwa shi ne ka ce wannan hanya ba za ta ɓulle ba. Mai saɓani yana iya yin kuskure, yana iya zama mai baƙin jini ko mai neman suna, amma duk wannan bai mai da shi maci amana ba.

Kuma masu saɓani a lokacin yaƙi iri biyu ne, abin da ba kasafai ake lura da shi ba. Akwai masu cewa a tsaya a yi sulhu. Jean Jaurès, ɗan siyasar Faransa, yana ta faɗi-tashin hana yaƙin duniya na farko aka harbe shi a wani gidan cin abinci a Paris ranar 31 ga Yuli 1914, kuma a 1919 kotu ta sallami wanda ya kashe shi. Firaministan Isra'ila Yitzhak Rabin ba Bafalasɗine ne ya kashe shi a Nuwamba 1995 ba, Bayahude ne mai tsattsauran ra'ayi da ke ganin yarjejeniyar Oslo ta sulhu da Falasɗinawa sayar da ƙasa ce. Akwai kuma masu cewa yaƙin daidai ne, yadda ake yin sa ne ba daidai ba. Waɗannan sukan fi tsorata masu mulki, domin ba a iya kiransu matsorata. Rasha ta yanke wa ɗan adawa Vladimir Kara-Murza ɗaurin shekara 25 a 2023 bayan ya soki yaƙin Yukiren, ta kuma ɗaure Igor Girkin shekara 4 a 2024, shi da yake ganin ba a yaƙin da ƙarfin da ya kamata.

Labarin Denys Kireyev ya isa ya sa mutum ya riƙa tauna kalmar "maci amana" kafin ya furta ta. Yana cikin tawagar Yukiren da ta zauna da Rasha a tattaunawar farko a ƙarshen Fabrairu 2022. Cikin ƴan kwanaki aka kashe shi a Kiev, labari ya bazu cewa ɗan leƙen asirin Rasha ne aka kama. Sai hukumar leƙen asirin sojan ƙasar ta fito ta ce ma'aikacinta ne, a bakin aiki ya mutu, aka binne shi da girmamawa. Wasu sun kira shi maci amana, hukumar gwamnati ta kira shi gwarzo, shi kuwa yana ƙasa.

Mu Musulmi muna da abin dubawa a tarihinmu. An ruwaito cewa Sayyidina Ali, yana cikin yaƙin basasa, ya ce wa Khawarijawa ba zai hana su masallaci ba, ba zai yanke musu rabonsu ba, ba kuma zai yaƙe su ba sai in su suka fara. Ya raba tsakanin baki da takobi. Da ɗaya daga cikinsu, Ibn Muljam, ya sare shi a masallacin Kufa cikin Ramadan na shekara ta 40 bayan hijira, wasiyyar da aka ruwaito daga gare shi ita ce kada a kashe kowa sai wanda ya yi saran.

Abin da ke sa yaƙi ya sauƙaƙa irin wannan kisa

Na farko, akwai wanda za a ɗora wa laifi a shirye. A zaman lafiya, in aka tsinci gawar ɗan adawa, idon kowa na kan gwamnati. A lokacin yaƙi sai a nuna daji. Na biyu, yaƙi na haifar da rundunoni da ƴan banga da hukumomin sirri waɗanda ba sa amsa tambayar kowa, kuma wanda ya saba harbi ba tare da an tambaye shi ba, wata rana zai juyo da bakin bindigar cikin gari.

Na uku shi ne kuɗi, kuma wannan mun gan shi da idonmu. Binciken kuɗin ma'aikatar tsaron Nijar da ya fito a 2020 ya nuna an yi sama da faɗi da kimanin biliyan 76 na sefa a cinikin makamai, a daidai lokacin da ƙasa ke makokin sojoji 71 da aka kashe a Inates cikin Disamba 2019 da wasu 89 a Chinagodrar cikin Janairu 2020. Da ƴan ƙungiyoyin farar hula suka kira gangami a Yamai ranar 15 ga Maris 2020 don neman a hukunta masu hannu, su aka kwasa zuwa gidan kaso. Wa ya fi cutar da sojan da ke bakin daga a ranar, mai tambayar ina kuɗin suka shiga ko wanda ya ci kuɗin? Duk inda yaƙi ya zama kasuwa, mai yawan tambaya yana taka wutsiyar maciji.

Hujjar masu cewa a yi shiru

Ba zan raina wannan hujja ba, domin masu yin ta da yawa mutanen kirki ne, wasunsu sun binne ƴaƴansu. Suna cewa ba a gyaran rufin ɗaki ana tsakiyar ruwa. Maganar da ka yi a rediyo abokin gaba na ji, hoton da ka sa a Facebook yana iya nuna inda sojoji suke, kuma ƙasashen waje na amfani da ƴan adawa su raunana ƙasa. Duk wannan yana faruwa. Ba ƙasar da ke yaƙi da ba ta taƙaita wasu bayanai.

A kan wannan tunani ne hukumominmu suka maido da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet a Yuni 2024, suka kafa kundin sunayen waɗanda ake zargi da ta'addanci ko cutar da muradun ƙasa a Agusta na shekarar, suka janye wa mutum tara takardar zama ɗan ƙasa na wucin gadi a Oktoba, aka kama ɗan fafutukar farar hula Moussa Tchangari a Disamba, sannan aka rusa jam'iyyun siyasa a Maris 2025. Masu goyon baya na ganin tsaro ne. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na ganin toshe baki ne.

Ɗauri ba kisa ba ne, kuma ba ina cewa ɗaya suke ba. Abin da nake tsoro shi ne harshen da muke amfani da shi a fada da kasuwa da WhatsApp. Duk kisan da na ambata a sama, suna ne ya riga shi: ɗan koren Turawa, ɗan leƙen asiri, maƙiyin ƙasa. Sai an gama cire mutum daga cikin jama'a da baki, sannan wani ya ga kashe shi ba komai ba ne. Rabin ma an daɗe ana kiransa maci amana a taruka kafin a harbe shi. Sannan akwai asarar da shugaba ke yi wa kansa: in kowa ya koyi cewa faɗin labari maras daɗi haɗari ne, kwamanda ba zai faɗi yawan waɗanda ya rasa ba, mai gari ba zai ce an kori mutanensa ba, sai shugaba ya wayi gari shi ne na ƙarshe da ya san halin da ƙasarsa ke ciki.

Inda abin ke faɗo wa talaka

Wasu masana biyu a Amurka, Benjamin Jones da Benjamin Olken, sun ƙirga yunƙuri 298 na kashe shugabannin ƙasashe tsakanin 1875 da 2004, 59 daga ciki suka yi nasara. Sun gano cewa sakamakon ba iri ɗaya ba ne: kisan na iya rura rikicin da bai yi nisa ba, yana kuma iya gaggauta ƙarshen wanda ya riga ya ƙazanta. Ma'ana mai ɗana bindiga bai san abin da zai biyo baya ba, caca yake yi da ran wasu. Bayan mutuwar Kabila ɗansa ya shiga sulhu har aka sa hannu a 2002. Bayan harbo jirgin Shugaba Juvénal Habyarimana na Ruwanda ranar 6 ga Afrilu 1994, an kashe mutum wajen dubu 800 cikin kwana ɗari.

Na kusa da mu shi ne Sudan. Ranar 14 ga Yuni 2023 gwamnan Darfur ta Yamma, Khamis Abakar, ya yi magana a talabijin yana zargin dakarun RSF, rundunar da ke yaƙi da sojojin Sudan, da ƙawayensu da kashe farar hula a El Geneina, yana roƙon duniya ta kawo ɗauki. Cikin ƴan sa'o'i aka kama shi aka kashe. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora alhakin a kan RSF, su kuma suka musanta. Abin da ya biyo baya shi ne dubban ƴan ƙabilar Masalit suka kama hanyar Adre a Cadi da ƙafa, ana harbinsu a hanya. Muddin gwamnan na da rai, mutanensa na ganin akwai mai magana da yawunsu. Da ya faɗi, kowa ya gane saƙon.

A ƙasarmu ma ana wannan kisa, sai dai ba ma kiransa da sunansa don waɗanda ake kashewa ba ministoci ba ne. Ƴan bindiga a yankin iyakoki uku na Nijar da Mali da Burkina Faso sun daɗe suna bin sarakunan gargajiya da masu gari da limamai ɗaya bayan ɗaya. A 2019 an kashe sarkin Abzinawan Inates, bayan ƴan watanni aka kashe wanda ya gaje shi, kafin shekara ta ƙare aka afka wa barikin soja. Wannan kisan siyasa ne tsantsa: a cire wanda ke haɗa gari da hukuma, a bar jama'a ba mai kai kukansu. Daga nan zargi ke shiga tsakanin maƙwabta, wa ya nuna gidansa, wa aka gani yana waya, sai manomi ya daina sayen nono wajen makiyayin da suka yi shekara talatin tare. Mu mutanen jihar Tawa da muka ga abin da ya faru a ƙauyukan Tillia ranar 21 ga Maris 2021, inda aka kashe mutum 137, ba sai an yi mana bayanin inda irin wannan zargi ke kaiwa ba.

Bincike ne ke raba gardama, shi kuma aka fi gudu

In kana so ka san ko gwamnati ko ƙungiya na da hannu a mutuwar wani nata, kada ka tsaya ga jawabin ta'aziyya, kowa ya iya shi. Dubi abin da aka yi washegari. An bar likita ya duba gawa? An bar dangi sun ɗauki lauya? Wanda ya yi harbin an kama shi da rai, ko an harbe shi nan take yadda ba zai yi magana ba, kamar yadda aka yi wa wanda ya kashe Kabila? Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba a iya bincike ana yaƙi. A 2020 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, CNDH, ta je yankin Inates da Ayorou ta binciki ɓatan farar hula 102, ta tono kaburbura, ta fito da rahoton da ya zargi wasu jami'an tsaro, ma'aikatar tsaro kuma ta musanta. Hukumar Nijar ce, ƴan Nijar ne suka yi aikin, kuma ƙasa ba ta rushe ba don sun yi.

Wannan ya maido ni ga maganar Malam. Ranar 9 ga Afrilu 1999 dogarawan fadar shugaban ƙasa suka harbe Ibrahim Baré Maïnassara a filin jirgin saman Yamai. Firaministan lokacin ya sanar da ƙasa cewa hatsari ne na rashin sa'a. Kwamandan dogarawan, Daouda Malam Wanké, ya hau mulki, kundin tsarin mulkin da aka amince da shi a shekarar ya yi afuwa ga masu juyin mulkin 1996 da na 1999, aka rufe ƙofar kotu. Wanké ya rasu a 2004. Iyalan Baré sun yi ta bin kadi har kotun CEDEAO, wadda a 2015 ta ce an tauye musu haƙƙi ta umarci Nijar ta biya su diyya. Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun jira shekara 34 kafin a buɗe shari'ar kisan Thomas Sankara, a Afrilu 2022 kotun soja ta yanke wa Blaise Compaoré ɗaurin rai da rai a bayan idonsa. A Yamai kuwa, har yau ba a kira ko mutum ɗaya gaban alƙali ya faɗi wanda ya ba da umarnin harbin ba.